Ziyarar Hurumin Tsuntsayen Ruwa: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

An shirya wannan 'yar takarda ne domin Hakimai da malamansu na ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, watau waɗanda Gulbin Zamfara da rafukansa suka ratsa ƙasarsu, suna da fadamu da tafkuna a hannunsu. Abin da ake nufi shi ne a bayyana musu ko mene ne hurumin tsuntsaye, da inda mafi kusa yake, da yadda ake ziyartarsa, da kuma abin da mai ziyara zai komo da shi wanda zai amfani ƙasarsa.

Mun sani wani zai ce, ina ruwan Hakimi da kallon tsuntsaye, ga rikicin gona, ga na burtali, ga sha'anin tsaro wanda ya hana kowa barci? Wannan magana tana da ƙarfi, ba kuwa za mu raina ta ba. Amma a dubi abin da ya faru a ƙasar nan tamu cikin shekarar 1431 ta Hijira, watau 2010.

A farkon wannan shekara agwagi suka riƙa ɓacewa a waɗansu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum. Mutane sun lura, amma ba wanda ya ɗauke shi a bakin kome. Ba a jima ba sai yara ƙanana suka shiga suma da jijjiga, suna mutuwa, a Dareta da Abare da 'Yargalma da Tungar Guru da sauransu. Da likitocin ƙungiyar MSF da ma'aikatan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka bincika, sai aka tarar gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje, ana kuma wanke garinsu a bakin kududdufai. Yara fiye da 400 suka rasu. Ƙauyen Bagega ma sai a 2013 aka samu aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. A baya ne masu bincike suka tuna da maganar agwagin, suka rubuta ta cikin labarin annobar. Dalili kuwa a fili yake: agwagwa da bakinta take tankaɗe laka, tana haɗiye tsakuwa domin niƙa abinci a ƙundunta, saboda haka duk gubar da ta kwanta a gindin ruwa ita take fara samu. Da a ce akwai wani malami a ofishin Hakimi wanda aikinsa ne ya rubuta irin wannan abu ya aika gaba, wa ya san ko da an yi saurin ganewa? Allah Shi ne masani. Amma dai tun daga ran nan ba ya kamata a sāke cewa lura da tsuntsaye aikin marasa aikin yi ne.

Baƙin da ke zuwa da hunturu

Tsuntsayen da ake gani a fadama ba duka ne 'yan ƙasa ba. Akwai mazauna, kamar balbela da zalɓe da kirinjijiya da dinya da zakaran ƙeƙuwa, waɗanda ba su yin nisa, sai dai su bi ruwa inda ya koma. Akwai kuma masu zuwa da damina, shugabarsu ita ce shamuwa. Kowane manomi ya san in ya ga shamuwa ta sauka bisa kuka ko tsamiyar gari, to, lokacin gyaran gona ya ƙure. A nan take yin sheƙa ta ƙyanƙyashe, tana cin fāra da tsutsa, in kaka ta yi sai ta tashi ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda damina take farawa sa'ad da tamu ta ƙare. Iyayenmu sun hana yara jifanta, sun kuwa yi daidai, gama ba a san yawan fārar da take rage wa manomi ba.

Kashi na uku su ne waɗanda suka sa ake kafa hurumi. Su daga Turai da Rasha suke fitowa. A can suke yin ƙwai a lokacin zafinsu, in sanyi ya kawo kai, ruwa ya soma daskarewa, sai su yo kudu, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, su sauko mana wajen Satumba da Oktoba, daidai lokacin da gulabe suka cika suka malala. Suna zama har wajen Maris ko Afrilu, kana su juya. A cikinsu akwai wata 'yar agwagwa wadda namijinta yake da farin zane bisa ido kamar an ja masa alli, da wata mai dogon wuya da tsinin wutsiya, da waɗansu masu dogayen ƙafafu da ke sauka dubbai a gonakin shinkafa bayan girbi suna tsintar abin da ya zube. Akwai kuma ƙanana ƙwarai, waɗanda nauyin ɗayansu bai kai na kwalin ashana biyu ba, amma haka suke ratsa hamada wadda faɗinta ya kusa kilomita 2,000. Kafin su tashi sukan ci su tara kitse har nauyinsu ya kusa ninkawa, wannan kitse shi ne guzurinsu.

Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu suke zuwa da hunturu ba, har waɗansu malamansu na dā suna cewa wai cikin laka suke shigewa su yi barci. Sai a 1822 aka harbo wani farin tsuntsu ɗan'uwan shamuwa kusa da wani gari Klütz a arewacin Jamus, aka tarar da māshi irin na Afirka a soke a wuyansa, ya tashi da shi tun daga nan har can. Gawarsa tana ajiye a Jami'ar Rostock. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta a ƙasar Denmark, sunansa Mortensen, ya ƙago dabarar sa wa tsuntsu ɗan zobe mara nauyi a ƙafa, da lamba da adireshi a jiki. Ta haka aka gane hanyoyinsu. Har yanzu ana yi, maharbanmu kuwa sukan samu irin wannan zobe, sau da yawa su jefar ko su ba yara wasa. Za mu komo kan wannan.

Abin da ya kamata a gane shi ne, fadamar da take hannun Hakimi ɗaya a nan tana ɗaure da ƙasashe masu nisa. A bazarar Ingila ta 1969 masu ƙidaya suka tarar wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda dā yake cike da shingayen gonakinsu, ya ragu da wajen kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Suka yi ta neman dalili a ƙasarsu ba su samu ba. Ashe ƙarancin ruwan da aka yi a ƙasashenmu na bakin hamada a 1968 ne ya kashe su. Bayan 'yan shekaru sai ga babban farin 1972 zuwa 1974, wanda dattawa ba su manta ba.

Ina hurumin yake?

Hurumin tsuntsaye wuri ne na ruwa da ciyawa da itatuwa wanda hukuma ta keɓe, ta hana harbi da tarko a cikinsa, ta sa masu gadi, domin tsuntsaye su sami inda za su sauka su huta su yi kiwo. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Hurumin gari da gandun daji na En'e duk dangin abin ne. Haka kuma tafkin da Sarkin Ruwa yake rufewa, ba mai jefa taru ko homa sai ranar su. A Argungu ma ruwan Matan Fada haka ake tsaronsa shekara guda domin bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Bambancin kurum shi ne wancan domin kifi, wannan domin tsuntsaye.

Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniyar kiyaye irin waɗannan wurare ran 2 ga Fabrairu, 1971, a wani gari Ramsar na ƙasar Iran, da sunan garin ake kiran yarjejeniyar. Nijeriya ta shiga, aka soma aiki da ita a nan a 2001.

Mashahurai daga cikin wuraren nan a bakin teku suke, inda kogi yake haɗuwa da ruwan gishiri. A Afirka ta Yamma wanda ya fi suna shi ne Djoudj na ƙasar Senegal, kusa da inda Kogin Senegal yake faɗawa teku, arewa da birnin Saint-Louis. An kafa shi a 1971, faɗinsa hekta 16,000, shi ne kuwa ruwa na farko da tsuntsun da ya biyo gaɓar teku yake tararwa bayan ya fita hamada. Kwasakwasa dubbai suke yin ƙwai a wani ɗan tsibiri a cikinsa, baƙi suna zuwa cikin jirgin ruwa su gani. A Ikko kuma akwai na Lekki, wanda Gidauniyar Kiyaye Halittu ta Nijeriya ta kafa a 1990, hekta 78 ne kacal, dausayi ne da kurmi tsakanin teku da tafkin Ikko, an shimfiɗa gadar katako a kan ruwan domin masu ziyara su taka. Wanda wata hidima ta kai shi Ikko, in ya sami rabin yini, ya kyautu ya leƙa, ko don ya ga yadda gari ya cinye daji ta kowane gefe, ya bar wannan ɗan yanki kaɗai. Amma tsuntsayen kurmi da na bakin teku ba su ne namu ba, ƙasar ma ba irin tamu ba ce. Wanda zai koya mana abu shi ne wanda ya yi kama da Gulbin Zamfara, shi ne kuwa na fadamar Haɗeja da Nguru.

A can kogin Haɗeja da na Jama'are suke shiga ƙasa mai tuddan rairayi, su rarrabu, su malala, kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe wanda yake tafiya Tafkin Cadi. In ruwa ya cika sai ka ga tudu da goruba a tsaye, ruwa da bado sun kewaye su. An rubuta tsuntsaye iri fiye da 370 a wannan fadama. A ƙidayar da aka riƙa yi cikin watan Janairu a shekarun 1990 an sha samun tsuntsayen ruwa fiye da 200,000, a 1997 ma sun haura 300,000. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko da Nijeriya ta sa cikin lissafin Ramsar, a shekarar 2000. A 2008 aka ƙara da Baturiya ta Jihar Jigawa, da tafkin Dagona na ƙasar Bade a Jihar Yobe.

Dagona shi ne ainihin hurumin. Ƙauye ne tsakanin Nguru da Gashuwa, tafkinsa kuwa tsohuwar hanyar kogi ce wadda ruwa ya bari ya canja hanya, tana cika da damina, ta riƙe ruwa har cikin rani sa'ad da na kewaye suka ƙafe. Wannan ya sa tsuntsaye suke taruwa a kansa. Yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Cadi wanda aka kafa a 1991. Mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya ziyarci wurin a 1989, lokacin yana shugaban wata ƙungiyar duniya ta kiyaye namun daji.

Yadda ake ziyara

Lokacin da ya fi kyau shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. Kafin nan ruwa ya yi yawa, tsuntsaye sun warwatsu, hanya kuma ba ta biyuwa. Bayan nan baƙin sun soma tafiya. Daga Gummi ko Bukkuyum hanya ta Anka take zuwa Gusau, daga nan Funtuwa, Kano, sa'an nan Nguru. Tafiya ce mai nisa, sai an kwana a hanya. Kada kowa ya tashi sai ya nemi iznin Mai Martaba Sarkinsa, an kuma rubuta wa ofishin gandun dajin tun da wuri, an tambayi jami'an tsaro halin da hanya take ciki a makon nan, ba a watan jiya ba. In an ce a dakata, a dakata. Tafkin ba ya gudu.

In an isa, sai a fara gaida Hakimin wurin da Dagacin ƙauyen, kamar yadda kowa zai so a yi masa a ƙasarsa. Ba a shiga hurumi sai da ma'aikacin gandun daji. Shi ya san inda ake tsayawa da inda laka take haɗiye mutum, shi ya san sunayen tsuntsayen.

A nan akwai wata 'yar wahala wadda ta shafi manya musamman, gara a faɗe ta. Hakimi ya saba in zai fita a yi masa rakiya, da mota biyu ko uku, da fadawa, da farar riga mai aiki da rawani. Duk wannan a bar shi a masauki. Tsuntsu yana hango farin tufa tun daga nesa, yana jin ƙarar ƙofar mota, in kuwa ɗaya ya tashi duka sun tashi, an yi doguwar tafiya a banza. Mutum uku ko huɗu sun isa, da tufafi masu launin ƙasa ko shuɗi mai duhu, da takalmin da ba a jin tausayinsa. Wayar hannu a kashe ƙararta. Ba a nuna tsuntsu da miƙa hannu, sai dai a ce, dubi dama da gorubar can.

A fita da an sallame Asuba, a isa bakin ruwa kafin rana ta ɗaga, gama da sassafe suke kiwo da shawagi. In rana ta take sai su lafe. Suna sāke motsi bayan La'asar. A tsaya ta inda rana take bayan mutum, in ba haka ba kowane tsuntsu baƙi zai gan shi. A sami gindin itace a zauna, a yi shiru kamar minti 20. Wanda bai taɓa yi ba zai ga kamar ɓata lokaci ne, amma a cikin wannan zama ne waɗanda suka ɓuya cikin ciyawa suke fitowa, har kazar ruwa ta zo tana taka ganyen bado kusa da ƙafarka.

Madubin hangen nesa mai ido biyu yana da amfani ƙwarai. Wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa ya isa, ma'anarsa yana kusanto da abu sau 8. Guda ɗaya ya ishi ayari, a riƙa karɓa-karɓa. Dabararsa ita ce ka kafa wa tsuntsun ido tukuna, kana ka ɗago madubin zuwa idonka ba tare da ka kau da kai ba.

Malami kuwa aikinsa littafi da fensir. In an ga tsuntsun da ba a sani ba, kada a tsaya gardamar sunansa, a rubuta kamanninsa nan take: girmansa in an gwada da kurciya ko kaza ko zabo, tsawon baki da siffarsa, launin ƙafa, inda fari yake a fiffike in ya tashi, abin da yake yi, ko iyo, ko taka laka, ko nutso. Suna ya zo daga baya. In garke ya yi yawa ba a ƙirga shi ɗaya ɗaya. A ƙirga goma a ga iyakar filin da suka ci, sa'an nan a riƙa auna sauran da wannan goma goma, in sun fi haka ɗari ɗari, kamar yadda mai ƙirga shanu a mashaya yake yi. Mutum biyu su ƙirga dabam, kana a gwama.

Kada a ɗauki ƙwai, kada a kusanci sheƙa, kada a sa yaro ya yi jifa domin a ga tashinsu. Mutane suna son wannan, don tashin dubban agwagi a lokaci guda abin kallo ne. Amma kowane tashi na banza yana cin kitsen da tsuntsun yake tarawa domin ƙetare hamada a watan Maris.

Abin da za a tambaya a can

Kada ziyara ta tsaya a kan tsuntsaye. A zauna da masunta da manoman shinkafa da Fulanin wurin, a tambaye su labarin ruwa, gama nan ne babban darasi yake. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukansu a ƙasar Kano, bisa rafukan da ke ciyar da kogin Haɗeja. Amfaninsu ga birnin Kano da manoman Kadawa ba a musunsa. Amma tun daga nan malalar da take sauka fadamar Nguru ta canja. A dā ruwa yakan zo da ƙarfi da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe ta sha iska. Da aka koma sakin ruwa kaɗan kaɗan duk shekara, sai wata doguwar ciyawa da suke kira kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Wani gefe ruwa ya yi yawa ba ya janyewa, wani gefe ba ya isa sam. Cikin kacallar nan kuma jan-baki yake kwana, ya fito da safe ya faɗa wa shinkafa da gero. Djoudj ma irin wannan ciyawa ta dame shi bayan an gina madatsar Diama a 1986.

Mutanen Zamfara ba sai an yi musu dogon bayani a kan wannan ba. An gama madatsar Bakolori bisa Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978, manoman fadamun da ke ƙasa da ita kuwa sun ga yadda malala ta ragu, shinkafa da kifi suka ragu tare da ita. Gummi kuma ta ga ɗaya fuskar al'amarin a damanar 2024, sa'ad da ruwa ya ci gidaje masu yawa a garin. Fadama ita ce inda gulbi yake ajiye rarar ruwansa. In an cike ta da gini ko an tare ta, ruwan ba ya fasa zuwa, wani wuri zai nema.

Game da jan-baki, lalle a rarrabe. Manomin da ya yi asarar gonarsa yana da gaskiya in ya yi fushi, ba kuwa wanda ya ce a bar jan-baki ya ci dukiyar talakawa. Amma shi ɗan tsuntsu ne mai cin tsaba, ba shi da dangantaka da zalɓe ko shamuwa ko balbela, waɗanda abincinsu fāra ne da kwaɗi da ƙwari. In za a yi feshi, aikin ma'aikatan gona ne, a wurin kwanansa, ba kowa ya zuba magani a ruwa ba. Haka nan masu zuba gamalin ko wani maganin ƙwari a tafki domin kifi ya taso: suna kashe kifin bana da na baɗi, da tsuntsun da ya ci, mutanen da suka saya a kasuwa kuma ba su tsira ba. Wannan Hakimi yana da ikon tsawatawa a kai tare da Sarkin Ruwa, tun kafin magana ta kai ga hukuma.

Akwai kuma maganar gauraka, wadda sai an yi haƙuri da mu. Dattawa suna tuna lokacin da ake ganinta garke garke a fadamun Arewa, ana jin kukanta da asuba. Yau da wuya a ga ko ɗaya a daji a Nijeriya, alhali ita ake kira tsuntsuwar ƙasa. Bushewar fadamu na cikin dalili. Amma wani babban dalili shi ne kamun da ake yi mata ana kai wa manya, a yanke mata fiffike tana yawo a tsakar gida don ado. A gida ba safai take yin ƙwai ba, saboda haka kowace ɗaya da aka kama zuriya ce aka yanke. Mai kamawa ba zai daina ba muddin akwai mai karɓa. In an kawo wa Hakimi gaisuwa da gauraka ya ƙi karɓa a gaban jama'a, wannan ya fi takardar gargaɗi goma aiki.

Littafin fadama

Wanda ya komo daga Dagona, ko wanda bai sami zuwa ba, abin da ake roƙo gare shi ƙarami ne. Kowane Hakimi mai fadama ya sa malaminsa ya buɗe littafi guda, dabam da na haraji da na shari'ar gonaki. A zaɓi tafki ɗaya ko biyu waɗanda ake iya zuwa lafiya, kusa da gari. Inda babu tsaro kada a tura kowa, a tambayi masunta da masu kwalekwale in sun shigo kasuwa, a rubuta cewa daga bakinsu aka ji.

A rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa da yawan sheƙunanta a gari, da ranar da gulbi ya malala da ranar da ya janye, da inda ruwa ya kai, a gwada da wani abu da ba ya motsi kamar gindin giginya ko ƙafar gada. A rubuta ranar da baƙin agwagi suka sauka. Sau ɗaya a shekara, a tsakiyar Janairu, a yi ƙidaya sosai, gama a wannan lokaci ne ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa, tun daga 1967. Sunayen Hausa sun isa. In Zamfarawa suna da nasu suna wanda ya saɓa da na Kano ko Haɗeja, a rubuta nasu, shi ma abin adanawa ne. Shekara ɗaya ba ta nuna kome. Shekara biyar ko goma a jere su ne za su nuna ko tafki yana mutuwa, su kuma zama hujja a hannun Hakimi ran da za a yi maganar gina wani abu a kan gulbi. Masana na cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jami'ar Jos suna tattara irin wannan labari daga ko'ina cikin ƙasa, yammacin Zamfara kuwa yana cikin wuraren da masu bincike ba su cika isa ba.

In maharbi ko mai tarko ya sami tsuntsu da zobe a ƙafa, a gaya masa ba laifinsa ake nema ba. Malami ya kwafe duk abin da aka rubuta a jikin zoben, harafi da lamba, kada ya bar ko ɗaya, ya sa rana da sunan wurin, ya aika wa jami'in gandun daji na ƙaramar hukuma.

In kuwa aka ga tsuntsaye suna mutuwa da yawa a wuri guda, na gida ko na daji, wannan ba a jira ƙarshen wata. Kada a bar yara su taɓa, kada a yanka a ci, kada a jefa a ruwa. Yana yiwuwa guba ce, yana yiwuwa murar tsuntsaye ce, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a wata gonar kaji kusa da Jaji a Fabrairun 2006. A aika wa likitan dabbobi da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma a ranar, a aika da kwafe zuwa fadar Sarki. A cikin takardar a faɗi irin tsuntsun, da yawan waɗanda suka mutu, da ruwan da suke sha, da ko ana daka dutse ko wanke zinariya kusa da wurin, da ko akwai yaran da ba su da lafiya a gidajen da ke kewaye.